Gunkin Laka da Jan Zakaran Kakana

Hausawa na cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ni abin da tafiyata ta buɗe mini tun ina yaro yake ajiye a gidanmu. A watan Satumba na 2024 na raka yayana neman magani birnin Haidarabad na ƙasar Indiya. Kafin nan, abin da na sani game da Indiyawa bai wuce finafinansu da muke kallo a Maraɗi muna ƴan lakwal ba.

Mun sauka ana tsakiyar bikin Ganesh, abin bautar Hindu mai jikin mutum da kan giwa, wanda mabiyansa suka ɗauka shi ke kawar da cikas. An fara bikin ran 7 ga wata. Kowace unguwa ta kafa rumfa ta girka gunkinta, ga furanni, ga turare, ga ganguna dare da rana. A unguwar Khairatabad, inda aka soma wannan al'ada a 1954, gunkin shekarar ya kai ƙafa 70, da laka aka gina shi. Tafintanmu ya gaya mini a da cikin gidaje aka fi yin bikin, sai a 1893 wani ɗan kishin ƙasa mai suna Tilak ya fito da shi bainar jama'a, don ya haɗa kan mutane a zamanin mulkin Ingila.

Wata yamma na fito sayo wa yayana ayaba, sai wata tsohuwa a bakin rumfa ta miƙo mini wani dunƙulen zaƙi mai kama da fura. Na gane daga gaban gunki aka ɗauko shi. Na dafa ƙirji, na sunkuya, na girgiza kai. Ta dubi hulata, ta yi murmushi, ta ba yaron da ke bayana. A daren nan barci ya ƙaurace mini, domin na taɓa ganin irin wannan miƙo hannu.

Kakana anne ne. A wani ƙauye na karkarar Tchaké, cikin ƙasar Mayahi, kowace shekara kafin shuka yakan yanka wa Uwar Gona jan zakara a gindin wata bishiya. Mahaifina, wanda ya yi karatun allo a Tasawa, ba ya cin naman. Ina tuna ranar da tsohon ya turo masa ƙwarya, ya ce: "Baba, ka yi mini aikin gafara." Kakana bai ce uffan ba, ya janye ƙwaryarsa. Gobe da asuba tare suka ɗauki hauya suka nufi gona. Da tsohon ya rasu, sai muka rufe zancensa kamar abin kunya. Ni kaina, da wani ɗalibina ya tambaye ni su wane ne anna, cewa na yi ya zauna, wannan ba ya cikin darasi.

Ran 17 ga wata aka yi rakiyar gumaka zuwa tabkin Husaini Sagar, wanda wani sarki Musulmi ya sa aka haƙa a ƙarni na 16. Manyan motoci suka yi jerin gwano, wasu ta gaban Carminar, hasumiyar da aka gina a 1591, dab da babban masallacin da suke kira Masallacin Makka. Na ga injin ɗaga kaya yana sauke gunki cikin ruwa, mutane na ihu, wasu na hawaye. A shekarar Mauludi ya faɗo a jajibirin ranar, sai shugabannin Musulmin birnin suka ɗage jerin gwanonsu zuwa 19 ga wata don kada taro biyu su yi karo. Mai adaidaitar da ke kai mu asibiti, Musulmi ne mai gemu, ya ce mini ta bakin tafinta: "Malam, garin nan ya sha ganin rikicin addini, mun san farashinsa. Jinkirin kwana uku bai rage wa Annabi daraja ba."

Kada mai karatu ya ɗauka zuciyata ta karkata. Na je da kalmar shahada, da ita na dawo, kuma ko gobe aka miƙo mini wancan zaƙi ba zan karɓa ba. Sai dai na fahimci mahaifina ya fi ni hikima: ya ƙi naman, bai ƙi ubansa ba. Mu kuwa, ƴan boko da malamai, mun haɗa naman da mai shi mun binne. Tsofaffin da suka san yadda ake buɗin daji, da sunayen itatuwan da ba a sarewa da dalilin hanin, suna ƙarewa ɗaya bayan ɗaya, alhali sanin abu dabam, bauta masa dabam.

Yayana ya samu sauƙi, alhamdu lillahi. Da aka koma makaranta a watan Oktoba, na nemo ɗalibin nan, na ce masa: "Ɗana, tambayar da ka yi mini bara, zo mu je wurin kakarka, ta fi ni sanin amsar." Da littafi da alƙalami muka tafi.