Inda Ido Bai San Kima Ba

Bahaushe ya ce ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Wannan magana gaskiya ce a wurin mai awon hatsi da mai sayen rago. Sai dai akwai wani wuri a cikin injin mota inda ido ba shi da ta cewa, kuma a kan wannan wuri nake son in ɗan tattauna da mai karatu, domin a nan na fara ganin amfanin harshen da nake nazari a yau.

Ni ba Bahaushe ba ne. A Inugu aka haife ni, kuma Hausar da na fara ji ta fatake ce da direbobi masu sauka a unguwar Hausawa, wadda mutanenmu ke kira Ama Hausa. Kawuna yana da shagon kayan gyaran mota a Coal Camp, kuma a can nake yin hutun makaranta. Da ya ga bakina ya fara kama Hausa, sai ya mai da ni tafintan shago. Wani lokaci yakan aike ni Nkpor, kusa da Anacha, in saro kaya, ko in raka shi kasuwar Ikoku ta Fatakwal. Ko'ina na je sai na tarar da direban Arewa da mai shago suna gardama iri ɗaya, wato gardamar metal.

Ga yadda abin yake. A can ƙasan inji akwai wani murɗaɗɗen ƙarfe da ake kira kiranshaf, shi ne ke karɓar bugun fistin ya mai da shi juyi. Inda yake kwance a jikin inji, da inda kwanrod ke riƙe shi, akwai wasu siraran ƙarafa masu kama da rabin awarwaro, su ne makanikai ke kira metal. Kiranshaf ba a kan metal yake gudu ba, a kan baƙin mai yake gudu. Tsakaninsu akwai 'yar tazara, a yawancin ƙananan motoci daga milimita 0.02 zuwa 0.05, wadda ba ta kai kaurin silin gashi ba. In tazarar ta yi yawa, mai ya zurare, fitilar mai ta kama, inji ya fara bugu. In ta yi kaɗan, mai ya rasa hanya, ƙarfe ya yi zafi ya cije.

Idan inji ya buga, kiranshaf yakan yi zane, sai a kai shi wurin masu yanka su rage shi ya koma sumul. Ragin mataki-mataki ne: milimita 0.25, sai 0.50, sai 0.75, har 1.00 a wasu injuna. A kasuwa kuwa 010 da 020 da 030 ake cewa, lissafin inci ke nan, makanikai kuma su taƙaita su ce "goma" ko "ashirin". Duk lokacin da aka rage kiranshaf, dole a sa masa metal mai ƙarin kauri da zai cike gurbin. Wanda ba a taɓa yanka ba shi ne ke ɗaukar sitanda. To, wannan kalma ta sitanda ita ce tushen rigima, domin a kunnen mai saye tana nufin mai kyau, saura kuwa gama-gari.

Wata rana wani dattijon direba ya shigo shagonmu tare da bakanike. J5 yake tuƙawa, ya ɗauko tumatir daga Arewa, injin ya buga masa a wajen Ninth Mile. An juye kayan a wata mota a kan asara, motar kuma ba tasa ba ce, mai ita yana can yana jiran balas. Ya dube ni ya ce, "Yaro, gaya wa maigidanka sitanda nake so. Ni ba na sa wa motata na biyu."

Na fassara. Kawu ya ce in tambaye shi ko an auna kiranshaf ɗin. Bakanike ya ce ya duba da ido, ya shafa da farce, ba wani abu. Kawu ya ƙi sayarwa. Dalilinsa shi ne, tun farkon shekarun 1990 aka daina ƙera J5 a Turai, da wuya a sami wadda ba a taɓa buɗe injinta ba. Ran dattijo ya ɓaci, yana ganin so ake a ƙara masa kwana da kashe kuɗi a garin da ba nasa ba.

A nan ne aikin ya faɗo kaina, domin fassara kalma da kalma ba za ta raba gardamar ba. Na ce, "Baba, in mutum ya yi jinya ya rame, hularsa ta dā ko zobensa za su zauna masa?" Ya ce zobe kam sai ya faɗi. Na ce, "To kiranshaf ɗin nan ya rame. Sitanda ba suna ne na inganci ba, sunan sayis ne kawai. Kamfani ɗaya ke yin su duka, kuɗinsu ma kusan ɗaya." Ya yi shiru, sannan ya ce, "To mu je a auna, gani ya kori ji."

Muka ɗauki ƙarfen zuwa wurin masu yanka. Da aka ɗora masa maikiromita, sai ga shi an taɓa rage shi zuwa goma tun kafin ya zo hannun Baba. Mazaunansa na jikin inji suna nan lafiya a goma, amma na kwanrod sun yi zane, sai an kai su ashirin. Ka ga inji ɗaya, sayis biyu. Da an ɗaura sitanda, da tazarar ta ninka abin da ake so sau biyar ko fiye, kuma da wuya motar ta yi nisa kafin ta sake bugawa. Kafin ya tafi, Baba ya sa na rubuta masa lambobin biyu a takarda, ya soke ta a cikin lasisinsa.

Daga abin da na gani a wannan sana'a, shawarata ga mai ɗaurin inji ita ce: kada a sayi metal sai an dawo daga wurin yanka. A auna kowane mazauni daban, kada a dogara da lambar da wani ya buga a jikin ƙarfe tun shekarun baya. A duba lambar da ke bayan metal ɗin kanta, ba ta jikin kwali kaɗai ba. A wanke ramukan mai sarai. Idan an ɗaure kusoshi daidai ƙarfin da kamfani ya faɗa, a juya kiranshaf da hannu; in ya cije, a tsaya. Masu Toyota da Honda kuma su sani ko sitanda ma iri-iri ne, akwai lamba ko launi da ake bi.

'Yan'uwana ɗalibai sukan tambaye ni me ɗan Inugu zai yi da digirin Hausa. Amsata ita ce, a Inugu da Anacha da Fatakwal kullum ana ciniki tsakanin mutanen da ke buƙatar juna amma ba sa jin juna sosai, kuma kalma ɗaya takan jawo asarar inji, har ta bar zargi a zuciya. Kalmomin gareji irin su metal da sitanda suna jiran masu nazari su tattara su, su yi musu bayani da Hausa. Allah ya ba mu ikon yi.