Daga Degel Zuwa Gudu: Nasiha ga Masu Niyyar Tafiyar Ƙasa

'Ya'yana samari, labari yana iso mini cewa wasunku suna shirin tattaki. Wani ya yi alwashin zai taka daga Sakkwato har Abuja idan gwaninsa ya ci zaɓe, wasu kuma ɗalibai ne da suka karanta tarihin jihadi, suka ji sha'awar bin sawun magabata. Ban zo hana kowa ba. Ni ma na taka a lokacin da gwiwa take jin magana, kuma da za a maido mini ƙuruciya da na sake. Sai dai akwai abin da ba a gaya wa matafiyi ran da ya iso, ana ta yi masa barka da hanya, ana kawo ruwan zafi ya gasa ƙafa. Sai kumburi ya saɓe, masu zuwa gaisuwa sun ɗauke ƙafa, sannan yake zama ya yi lissafi, ya ga abin da ya baro a hanya ya fi abin da ya zo da shi. Wannan lissafi nake so ku ji tun ba ku ɗaura takalmi ba.

Tamu tafiyar a zamanin mulkin Shagari muka yi ta. Muna ƙananan malaman makaranta, hutu ya faɗo cikin hunturu, muka ce za mu bi hanyar hijirar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, mu kuma dawo gida da ƙafa. Muka fita birnin Sakkwato ta hanyar Kware da Gwadabawa, muka ratse zuwa Degel, inda Shehu ya zauna yana karantarwa shekara da shekaru. Daga nan ne ya tashi a watan Fabrairu na 1804, bayan zama ya gagara tsakaninsa da Sarkin Gobir Yunfa. Jama'a ta bi ta Kalmalo da Ruwawuri har Gudu, inda aka yi masa mubaya'a a gindin faru, kuma a watan Yuni na shekarar aka yi karon Tabkin Kwatto, Malam Abdullahi ƙanen Shehu yana jan rundunar. Duk wannan mun haddace shi, muna ma karantar da shi a aji. Abin da ba mu lura da shi ba, su waye a cikin ayarin. Akwai tsofaffi, akwai masu goyo, akwai littattafai a bayan raƙuma, akwai Nana Asma'u, 'yar Shehu, tana yarinya 'yar kimanin shekara 11. Ayari irin wannan da takun mai rauni yake tafiya. Mu kuwa tsere muka fita, kowa yana so a ce shi ne bai gaji ba.

A wani ƙauye bayan mun bar Kalmalo muka tsaya neman ruwa da hantsi. Aka kai mu zauren wani dattijo, limamin wurin ne, idonsa ya fara dushewa. Ya sa aka dama mana fura. Da ya ji abin da ya fito da mu sai ya gyara zama, ya fara ba mu labarin da ya ce ya ji daga bakin kakansa: inda jama'a ta yada zango, rijiyar da suka sha, gidajen da suka bi Shehu da waɗanda suka noƙe. Ya nuna wata tsohuwar gafaka a rataye, ya ce akwai takardu a ciki, idan mun kwana zai sa a sauko da ita da safe mu duba da hasken rana. Muka kalli juna. Mun riga mun tsara inda za mu kwana, kuma akwai sauran tafiya. Muka yi godiya, muka ce in Allah ya so a dawowa. Ya yi murmushi ya ce, "Ɗiyana, mi kuka yi ma sauri haka? Garin da za ku yana nan, ba shi tashi. Mu tsoffi mu ka tashi."

A dawowa wata hanya muka bi, don an ce ta fi kusa. Da na sami sukunin komawa bayan wasu shekaru, limamin ya rasu, an raba gado, gafakar kuma babu wanda ya iya cewa ga inda ta shiga. Ban san abin da ke cikinta ba, wataƙila ma laƙani ne da addu'o'i irin na kowane gidan malamai. Amma labarin bakinsa ba ya cikin kowane littafi da na karanta, kuma kwana ɗaya kawai ya nema a wurinmu. Mun isa Gudu, mun tsaya, mun yi addu'a, mun juyo. Idan yau ka ce in zana maka abin da na gani a can, kaɗan zan iya tunawa. Zauren nan kuwa har warin hayaƙinsa ina ji.

Wannan ita ce babbar da-na-sanin mai doguwar tafiya, kuma na ji irinta a bakin kusan duk wanda ya taɓa yi. Ba na jin mutum yana cewa kaico da na daɗe a gari kaza. Kullum kukan shi ne na wuce ban tsaya ba, an yi mini tayi ban karɓa ba, na ga tsoho ban tambaye shi ba. Ana cewa tafiya mabuɗin ilimi, amma ƙafa ba ta karatu. Kunne ne yake yi, shi kuma sai an zauna.

Magabatanmu na nan ƙasar sun fi mu fahimtar haka, musamman mata. Ku dubi 'yan taru na Nana Asma'u. Daga ƙauyuka masu nisa mata suke tasowa a ƙasa, dattijai da 'yan mata ƙanana, jaji tana gaba da malfarta, suna ɗauke da ɗan abin sadaka, hatsi ko zuma ko man shanu, har su iso wurin Asma'u. Ba don a ce sun iya tafiya suke zuwa ba. Zama suke yi su karɓi karatu, su kawo tambayoyin matan da aure da goyo suka hana fitowa, su koma da amsa. Jaji da ta koma gida hannu rabbana, ba karatu ba amsa, ai ba ta yi komai ba, ko da ta fi kowa sauri. Asma'u ta rasu a 1864, 'yar'uwarta Maryam ta ci gaba da karɓar ayarin, kuma har zamaninmu mun ga tsofaffin mata suna isowa Hubbaren Shehu da ƙurar hanya a ƙafa.

Haka waɗanda suka bi Sarkin Musulmi Attahiru bayan Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Shi ya faɗi a Burmi a watan Yuli, amma sauran suka nausa gabas tare da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno har ƙasar Sudan, inda garin Mai Wurno yake a bakin kogin Nilu, jikokinsu suna can har gobe. Alhazan ƙasa ma, kafin jirgin sama ya zama ruwan dare, shekaru suke yi a hanya, su tsaya su yi noman auduga a Sudan su tara guzuri, su ƙara gaba. Kowannensu yana da dalilin da ya fi ƙarfin ciwon ƙafarsa. Kai da za ka fita, mene ne naka?

Ina tambaya ne saboda abin da muka gani a 2015. Bayan zaɓe wani saurayi ya taka daga Legas zuwa Abuja, aka yi ta nuna shi a talabijin, sai ga tattaki ya zama yayi, wannan don gwamna, wancan don sanata. Bayan wasu shekaru jaridu suka kawo labarin ɗaya daga cikinsu, mutumin jihar Gombe, yana fama da ciwon ƙafa yana neman taimako. Wanda ka taka dominsa a mota yake tafiya, kuma idan ya yi maka kirki ya ba ka hannu a ɗauki hoto. Gwiwar kuwa taka ce, da ita za ka yi ruku'u har ƙarshen rayuwarka. Masu cewa alwashi ne suka ɗauka, su je su tambayi malamai. Ya zo a ingantaccen hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ga wani tsoho 'ya'yansa biyu suna riƙe da shi saboda ya yi bakancen tafiya a ƙasa, sai ya umarce shi ya hau abin hawa, domin Allah ba ya bukatar bawa ya azabtar da kansa. Addinin da ya sauƙaƙa wa matafiyi har ya ba shi kasaru bai ɗauki wahala kawai a matsayin ibada ba.

Sai maganar abokin tafiya, wadda ta fi yi mini nauyi a baki. A cikinmu akwai wanda ya sayo sabon takalmi don tafiyar. Kafin mu kai rabi ƙafarsa ta yi bororo, ya fashe, ƙasa ta shiga, ta kumbura. Muka yi shawara, shi ma da bakinsa ya ce mu je, zai jira motar ranar kasuwa. Muka bar shi gidan mai gari da ɗan kuɗin mota, muka wuce, muna gaya wa kanmu ai shi ya ce. Ya warke sarai. Bai taɓa tayar da maganar ba, mun ci gaba da gaisawa, mun halarci sunan 'ya'yan juna. Amma duk ran da aka taru ana labarin tafiyar, sai ya tashi ya ce zai kama ruwa. Har ya koma ga Allah ban ƙara jin ya kira ni da sunan wasan da yake kirana da shi ba. Ku sani, idan abokin tafiya ya ce ku je ku bar ni, kunya ce take magana. Fatake masu zuwa Gwanja sayen goro ba banza suke naɗa madugu ba. Aikinsa ya san inda ruwa yake, ya san inda za a yada zango, ya kuma tabbatar wanda aka fita da shi an koma da shi. Ku naɗa naku tun a gida, kuma kada ku zaɓi wanda ya fi ku sauri, ku zaɓi wanda ya fi ku haƙuri.

Sauran kuwa ƙananan abubuwa ne da kowane baƙauye zai gaya muku kyauta. Kada ku fita da bazara. Zafin Sakkwato a watan Afrilu yana haura digiri 40, ba ya wasa da kowa. Ku tashi da asuba, ku sauka kafin rana ta take, ku ƙarasa da la'asar sakaliya. Tsohon takalmi da ya san ƙafarku ya fi sabo, kuma silifa ba ta tare tsidau. Kaya kaɗan: buta, gora, bargo, ƙuli-ƙuli da dabino. Rabin abin da muka ɗauka a hanya muka rabar. In kun shiga gari ku fara da gidan mai gari ko liman, ku faɗi ko ku su waye. Abin da aka ba ku ku ci, ko tuwon jiya ne, don wanda ya ba ku wataƙila nasa rabon ya ba ku. Ku rubuta sunan duk gidan da ya sauke ku. Mu ba mu rubuta ba, shi ya sa akwai mutanen da na ci abincinsu na kwana a tabarmarsu, yau ko a addu'a sai dai in ce Allah ka san su.

Ku kuma nemi izinin iyaye, masu iyali su bar musu abin cefane. A zamaninmu babu wayar hannu. Mahaifiyata ba ta yi barcin kirki ba har na dawo, kuma sai bayan rasuwarta wata gwaggona ta gaya mini.

Abu na ƙarshe shi ne wanda bai taɓa zuwa mana a rai ba a wancan lokaci. Mun ɗauka hanya tana nan kullum, abin da muka tsallake bana za mu cike shi baɗi. Mun ce wata shekara za mu je kufan Alkalawa, babban birnin Gobir da ya faɗi a 1808, can wajen Sabon Birni. Ba mu je ba. Yau wa zai ce wa ɗansa ya taka zuwa Sabon Birni ko Isa? Yankin Gudu da Tangaza da muka ratsa muna kwana a zauren da muka ga dama, ba wanda ya tambaye mu komai sai ko mun ci abinci, shi ne inda 'yan bindigar Lakurawa suka yi sansani, har hukumomin soja suka fito suka yi shelarsu a watan Nuwamba na 2024. Ƙauyuka sun watse, tsofaffinsu suna nan cikin birni a kangaye da gidajen 'yan'uwa. Don haka ba na ba kowa shawarar ya bi hanyar da muka bi a yanzu, kuma duk inda za ku, ko Wurno ne ziyarar kabarin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ku tambayi mutanen wurin da direbobin tasha halin da hanya take ciki a wannan makon, ba a bara ba. In sun ce a dakata, ku dakata.

Amma dattawan da muka wuce a ƙauyukansu, ga irinsu nan gudun hijira ta kawo muku har ƙofar gida. Kuna da abin da ba mu da shi, wayar da take ɗaukar murya. Kafin ku auna ƙarfinku da hanyar Abuja, ku taka zuwa unguwar da aka sauke su, ku kai musu goro da ɗan abin masarufi, ku zauna, ku tambaye su sunayen rijiyoyinsu da kasuwanninsu da abin da kakanninsu suka gaya musu. In sun yarda ku ɗauka, ku rubuta sunan gari da ranar da aka yi hirar, ku ajiye naku, ku kai ɗaya Hukumar Tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato. Ku fara a wannan hutun, kada ku ce sai baɗi.