Tarwaɗar da Na Mayar

Ina ɗan shekara 11 na fara bin Kawu zuwa rafin da ke bayan garinmu, Pauwa. Shi ba masunci ba ne. Manomi ne da kan ɗauki fatsa da gwangwanin tana ran Juma'a da la'asar, don ya huta da fartanya.

Wata rana a farkon damina na fizgo tarwaɗa mai kaurin damtsena. Kawu ya shafa cikinta, ya ce, "Mayar da ita, ɗana, ƙwai gare ta." Da hawaye na mayar. A ranar ya faɗa mini dokokin rafin guda uku, waɗanda ba wanda ya rubuta: ba a taɓa mai ƙwai, ba a ɗaukar ƙanana, ba a zuba magani.

Bayan shekara biyu, da rani, wasu suka zuba gamalin a gurbin da ruwa ya rage. Kifi ya taso ciki sama, har da waɗanda ba su kai yatsa ba. Damina biyu muna komawa gida hannu rabbana.

Sai a jami'a na karanta cewa a Argungu, inda bikin kamun kifi ya faro a 1934, ba a shiga Matan Fada sai Sarkin Ruwa ya ba da izini. Ashe Kawu ya riga littafi sani.

Yau tsoron 'yan bindiga ya raba mu da bakin rafin. Kawu ya tsufa, fatsarsa na rataye a zaure. Yakan tambaye ni ko jikokin tarwaɗar nan na raye. Nakan ce masa ina kyautata zato, tunda mun mayar da kakarsu.