Fitilar da Ba Ta Faɗin Sunan Ciwo

A hutun bara na nufi Gure domin tattara kalmomin da Hausar kasuwar garin ta aro daga bakin Mangawa. Kawuna ne ya ɗauke ni a tsohuwar Toyota Corolla da yake jigilar fasinja da ita tsakanin Damagaram da Gure. Mun wuce Mirya da Gidimuni lafiya. Bayan Gidigir sai wata ƴar fitila ruwan ɗorawa, mai siffar inji, ta kama a gaban sitiyari. Kawu ya yi salati, bai ƙara cewa uffan ba. Motar nan ita ce gonarsa, ita ce rumbunsa.

Da muka isa Gure, fitila ɗaya ta sami fassara uku. Makaniken farko ya ɗora laifin a kan man kwalba na bakin hanya. Na biyu ya ce buji ne, wato abin da Bakano ke kira fulogi, don shi daga Ingilishi ya ara, mu daga Faransanci. Na uku ya ce a manna mata baƙin salatif kowa ya huta, tun da mota na tafiya.

Ina tsaye ina saurare sai darasin ilimin alamomi ya faɗo mini. Charles Sanders Peirce ya kasa alama gida uku: mai kama da abin da take nufi, mai nuni gare shi kamar yadda hayaƙi ke nuna wuta, da wadda jama'a suka yi ittifaƙi a kanta. Fitilar nan ta haɗa duka ukun, amma duk da haka kalmominta biyu ne rak. In tana ƙyaftawa, wuta na tsallake a silinda, ɗanyen mai na gangarawa cikin salansa, kuma tsayawa ya zama dole. In ta kama ta tsaya cak, kamar tamu, abin da take cewa kawai shi ne kwamfutar mota ta ga wani abu ta rubuta. Matsaloli ɗaruruwa ne ke fakewa a bayan wannan kalma guda. Harshen damo bai wuce haka ba.

Da la'asar aka nuna mana wani saurayi mai ƴar na'ura da ke haɗuwa da wayar hannu. Ya durƙusa ya soka ta a wata kafa mai ramuka 16 a ƙarƙashin sitiyari. Tun 1996 Amurka ta wajabta wannan tsari na OBD-II, Turai ta bi sahu a 2001 ga motocin fetur, shi ya sa tsofaffin motocin da suka shigo mana ta tashar Kwatano suke da ita. Wayar ta nuna P0171.

Duk wanda ya karanci ƙirar kalma zai so wannan lamba, domin tana yankuwa. P ɗafa-goshi ne mai nufin inji da giya. Sifili na nuna ma'anar ɗaya ce a kowace irin mota. Lamba 1 ta taƙaita magana ga awon iska da mai, 71 kuma ta ce iska ta rinjayi mai. Bayanin Faransanci da ke ƙasa cewa ya yi gaurin ya talauce. Da na fassara wa Kawu, ya yi dariyarsa ta farko a ranar, ya ce, "Ashe har inji ma talaka ne a ƙasar nan."

A nan ne na yi kuskure. Na ga an ambaci na'urar da ke sansano iskar oksijin a salansa, sai na yanke hukunci da ƙarfin gwiwar ɗan jami'a cewa ita ce ta mutu. Sai daga Damagaram za a kawo sabuwa, kuma Kawu har ya fara lissafin tunkiyar da zai kai kasuwa.

Saurayin ya girgiza kai. "Malam, wannan ɗan aike ne. Abin da ya gani ya faɗa." Ya bayyana mana cewa inji na son kusan kashi 14.7 na iska ga kashi 1 na mai, bisa nauyi. Na'ura ɗaya na auna iskar da ke shiga, ɗaya na duba abin da ya fita. In ta biyun ta ga rarar oksijin, kwamfuta na ƙara mai, in ƙarin ya wuce ƙima sai ta kunna fitila. Ke nan ko dai mai ne bai isa ba, ko iska ce ke shiga ta ɓarauniyar hanya.

Ya juya ga Kawu. "Baba, yaushe take karkarwa, a tsaye ko a guje?" Kawu ya ce a tsaye, in ta ɗauki hanya sumul take. Da famfon mai ne ko matatarsa, in ji saurayin, da a guje za ta fi shaƙewa, lokacin da inji ke neman mai da yawa. Ya sa ni taka totur, muka ga ƙarin man da kwamfuta ke yi ya sauka a kan wayar. Ya buɗe bonet, ya kasa kunne, ya riƙa bin ƙananan tiyo da yatsa har ya tsaya kan wani da zafi da shekaru suka busar, ya tsage ta ƙasa. Yana toshe tsagar da babban yatsa, muryar injin ta daidaita.

An yanko wani tiyon daga wata matacciyar mota a bayan garejin. Kuɗinsa da ladan aiki ba su kai farashin zakara ba, tunkiya ta tsira. Saurayin ya goge lambar, ya ce in fitilar ta dawo cikin kwana biyu ko uku mu koma masa. Kawu ya yi sawu huɗu zuwa Damagaram a makon, ba ta dawo ba.

Washegari na koma garejin da littafina. Kalmomin Manganci 12 kacal na samu a tafiyar, amma na cika shafi bakwai da sunayen sassan inji, na rubuta wanda ya zo ta Faransanci da wanda ya tsallako daga Najeriya. Har yanzu Kawu, in ya gan ni, yakan tambaya, "Ɗana, ya jikin ɗan aiken naka?"