Feshi a kan hudar mangwaro, da rana tsaka!

Wallahi abin nan ya tsaya mini a rai tun jiya. A hanyar Jega na ga yaro goye da injin feshi yana yi wa mangwaro wanka da maganin ƙwari, rana tsaka, itacen ya cika da huda, zuma na ta kai da kawo a kansa. Na tambaye shi, ya ce mai lambu ne ya sa shi, wai ƙudaje sun yi yawa, za su zubar masa da fure.

Jama'a, ƙudajen nan su ke yi masa aikin. Mangwaro a hunturu yake huda, daga Disamba zuwa Fabrairu. Reshe guda yakan ɗauki ɗaruruwan furanni, mafi yawansu maza, waɗanda ko me aka yi ba za su zama 'ya'ya ba. Zubar fure halinsa ne tun asali. Ɗan abin da zai kama kuwa, sai ƙuda ko zuma sun kwashi garin fure daga wannan sun kai wa wancan. Ka kashe su, sannan bazara ta zo ka ce bana mangwaro bai yi ba.

Abin da ya fi ƙona mini rai shi ne mu mutanen Aliero ne. Da albasa aka san mu, har Kudu. Duk wanda ya taɓa barin albasa don iri ya san in ta fitar da farin furen nan, zuma take cika gonar. Furen albasa yana sakin garinsa kafin ɓangaren macensa ya shirya karɓa, don haka dole wani ya ɗauko masa daga wani furen. In babu zuma, kan zai bushe, ka murza ka tarar da ƙaiƙayi ya fi iri yawa. To zumar nan me take ci da rani, sa'ad da ciyawa ta bushe? Furen mangwaro, da na ɗorawa, da kaɗanya, da darbejiya. Wanda ya fesa wa lambunsa guba ya taɓa irin maƙwabcinsa na fadama, ko ya sani ko bai sani ba.

Na san za a ce ni ba ni da lambu, bakina kawai. Haka aka ce mini lokacin da na yi magana a kan masu ƙone amya da wuta don ɗiban zuma. Ban ce kada a yi feshi ba. Ƙwari na ɓarna, kowa ya gani, kuma ba ni zan biya wa mutum asararsa ba. Amma a yi kafin fure ya buɗe, ko a jira 'ya'ya su kama. In ya zama dole, a bari sai dab da magariba, lokacin da zuma ta koma gida. A bi awon da ke jikin kwalba, a daina ninkawa don wai ya fi ci. A ajiye kasko da ruwa da 'yan tsakuwa a gindin itace, don da rani ƙishirwa ma na korarsu.

A Kalifoniya ta Amurka, duk Fabrairu manoman almon kuɗi suke biya a kawo musu amya a manyan motoci. Mu Allah ya ba mu kyauta. Ya saukar da sura guda da sunan zuma, Suratun Nahli, kuma Abu Dawuda ya ruwaito hadisin Ibn Abbas da ya hana kashe ta. Mu ji tsoron Allah mana.

Ku masu shagon maganin ƙwari a Jega, Aliero da Maiyama, ku manomi yake tambaya kafin kowa. Don Allah in zai sayi kwalba, ku tambaye shi ko itacensa na fure.