Harafin da Ya Faɗi

Duk wanda ya yi aikin rediyo a Maraɗi ya san sanarwa ce ke riƙe da gida: ɗaurin aure, suna, cigiya, rasuwa. Saƙonnin kan shigo ta waya barkatai, ni ke tsara su kafin shirin safe. Da na gaji da kwafa da hannu, ƙanena da ke karatu a Yamai ya ce in koyi Python, harshen bai wa kwamfuta umarni da Guido van Rossum ya fitar a 1991. Bayan ƴan watanni na haɗa wata ƴar manhaja da ke rarraba saƙonnin, ta zuba su a fayil guda in buga a takarda.

Ranar da na gwada ta da saƙonnin gaske, sai ta cije, ta zubo dogon ƙorafi. A layin ƙarshe an rubuta UnicodeEncodeError. Ban tsaya na karanta ba. Na nemi magani a intanet, na ga wani ya ce a ƙara errors="ignore". Na ƙara, ta yi shiru, na yi hamdala.

Bayan kwana uku, ina gaban makirufo, na iso kan wani layi: "an Alhaji wane ya rasu daren jiya". Na ɗauka yatsan mai turowa ne ya zame, na tsallake "an", na sanar da rasuwar Alhaji. Kafin in rufe shirin waya ta buga. Muryar dattijo ce, a sanyaye: "Ɗana, ni ne Alhajin da ka ce ya rasu. Ina nan da raina. Yarona ne Allah ya karɓa."

Saƙon asali "Ɗan Alhaji" ya ce. Manhajata ce ta haɗiye Ɗ.

Daga baya na gane dalili. Kwamfuta lamba take ajiyewa a madadin kowane harafi. Idan ba ka faɗa wa Python tsarin da zai bi ba, a kan Windows irin tamu yakan ɗauki cp1252, wanda ya san é da ç na Faransanci amma bai san ɓ, ɗ, ƙ da ƴ ba. Ƙorafin nan cewa yake: ga harafin da ban iya rubutawa ba. Ni kuma na ce masa ya jefar da duk abin da bai sani ba, ya yi shiru. Gyaran bai kai rabin layi ba: a sa encoding="utf-8" wajen buɗe fayil, tsarin da Ken Thompson da Rob Pike suka tsara a 1992, mai ɗaukar haruffanmu duka.

Masu koyo sukan tambaye ni yadda za su kawar da saƙon kuskure. Nakan ce su fara karanta shi, daga layin ƙarshe zuwa sama. Kada su liƙa layin da ba za su iya bayyana aikinsa da Hausa ba. Su kuma gwada da kalmominmu, su sa "ɓarawo" da "ƙanƙara" su ga ko sun fito da ƙugiyarsu.

Na je gaisuwa ranar sadakar uku. Alhaji ya riƙe hannuna, bai ce komai kan rediyo ba. Har yau, kafin in karanta sanarwar rasuwa, sai na buɗe saƙon asali a waya na duba.