Ranar da jirginmu ya tsallaka katanga (zare)

1/ Jama'a, sati uku ke nan ina so in rubuta wannan zaren ina fasawa, kunya ce ke hana ni. Yau dai zan faɗa. Labarin yadda na kusa jefa kaina da abokaina biyu cikin masifa ne, a kan wani ɗan soket da bai kai ƙwayar gyaɗa ba. Ku yi haƙuri, da ɗan tsawo.

2/ Ina aji biyar a sashen injiniyan lantarki. Furojet ɗinmu na kammala karatu mu uku ne: ƙaramin jirgi mara matuƙi, duron dai, mai farfela huɗu, da zai riƙa ɗaukar hoton gona daga sama. Karo-karo muka yi muka sayi kayan. Ɗayanmu sai da babansa ya sayar da buhunan masara kafin ya kawo nasa kason.

3/ Ni ne mai haɗa wayoyi. Saura kwana tara mu kare aikin a gaban malamai, na lura soket ɗin GPS ya tsage. Ka ɗan taɓa shi sai siginal ya ɗauke, can ya dawo. Sabo kuma sai an yi oda, sati biyu kafin ya iso. Na samu salatif na naɗe abina. Ban gaya wa kowa ba.

4/ Ga wanda bai sani ba: GPS ne ke sa duron ya tsaya cak a sama ko da ana iska, kuma shi ke nuna masa hanya in ka danna maɓallin dawowa gida. In ya ɗauke, jirgin yana nan yana tashi amma bai san inda yake ba. Sai yadda iska ta yi da shi.

5/ Ranar Asabar da safe muka fita bayan gari ɗaukar bidiyon gwaji. Can gaba akwai wani wurin jami'an tsaro, ana hango katangarsa. Abokina har ya ce, "Mutumina, ba mu yi kusa ba kuwa?" Na ce haba, minti biyar ne fa, ba za mu wuce saman gonar nan ba.

6/ Minti biyu na farko lafiya lau, har muna tafawa. Kawai sai siginal ɗin GPS ya ɓace daga allo. Ga iskar hunturu. Jirgin ya fara zamewa. Na danna maɓallin dawowa, shiru. Na ce bari in jawo shi da hannu, amma ya yi nisa, ba na gane gabansa da bayansa. Duk turawar da na yi ƙara tafiya yake.

7/ A kan idonmu ya tsallaka katangar. Muka ji ana ihu daga ciki. Wallahi ƙafata ta so gudu. Abokina ne ya riƙe min riga ya ce, "Kada wanda ya motsa. In muka gudu mun zama abin da suke zato." Allah ya saka masa da alheri, wannan maganar ce ta cece mu.

8/ Tun wajen ƙarfe tara muke zaune a ƙasa har bayan La'asar. An karɓi wayoyinmu da katin makaranta. Maganar gaskiya ba wanda ya taɓa mu. Ni dai bakina bai huta ba: "Yallaɓai, ɗalibai ne mu, aikin makaranta ne, kamarar ma gona take ɗauka."

9/ Wani dattijo a cikinsu ya bari na gama, sannan ya ce, "Yaro, kai ka san na makaranta ne. Ni da nake tsaye a nan me na gani? Abu ya taso daga daji ya nufo kaina, ba suna, ba sallama. In tsaya in tambaye shi ajinsu nawa?" Ban samu abin cewa ba.

10/ Malamin da ke duba aikinmu ne ya zo ya sa hannu aka sake mu. Jirgin kuma suka riƙe. A mota tambaya ɗaya ya yi min: "Ka san da matsalar kafin ku tashe shi?" Na ce eh, Malam. A gaban abokaina. Motar ta yi tsit. Da zai sauke mu ya ce in je in karanta abin da ya faru a Washington ranar 9 ga Yunin 2004.

11/ Daren nan ban yi barci ba, na karanta. Ga abin da ya faru. Tsohon shugaban Amurka Ronald Reagan ya mutu ranar 5 ga Yuni. Ranar 9 za a kai gawarsa ginin majalisar dokoki, manyan ƙasar duk sun nufo birnin. Cikinsu har da gwamnan jihar Kentucky, Ernie Fletcher, a wani ƙaramin jirgi mai inji biyu, King Air.

12/ A hanya taransfondar jirgin ta samu matsala. Mece ce ita? Rada in ta haska sama, ɗigo kawai take gani. Taransfonda ce ke amsawa daga cikin jirgi da lamba mai alƙaluma huɗu da kuma tsayin da yake. Da ita na ƙasa ke sanin wane ne wannan ɗigon. Ita ce sallamar jirgi.

13/ Har lambobin gaggawa gare ta da duk matuƙi ya haddace: 7500 an yi fashin jirgi, 7600 rediyo ya mutu, 7700 ana cikin haɗari. Ranar 11 ga Satumban 2001, a uku daga cikin jirage huɗun da aka sace, maharan kashe ta suka yi. To ka ga yadda masu tsaron Washington za su kalli ɗigon da ba ya amsawa.

14/ Shi ya sa sararin birnin yake da tsauri. A yau duk jirgin da zai shiga da'irar mil 30 na ruwa, wajen kilomita 55, sai ya shigar da tsarin tafiyarsa, an ba shi lamba tasa, yana magana da masu kula da zirga-zirga, kuma taransfondarsa tana aiki. Can tsakiya kuma akwai wata da'irar da ta fi wannan tsanani.

15/ Matuƙin gwamnan bai ɓoye ba. Ya gaya wa masu kula da zirga-zirgar jirage, suka bar shi ya ci gaba, su sun san ko wane ne. Amma labarin bai isa ga masu tsaron birnin yadda ya kamata ba. Su abin da suka gani: jirgi ba suna ya nufo tsakiyar gari, a ranar da manya suka taru wuri ɗaya.

16/ Nan take aka ce kowa ya fice daga ginin majalisa. 'Yan sanda na ihu a gudu, 'yan majalisa da baƙi da ma'aikata suka yi ta kansu a titi. Aka tura jiragen yaƙi F-16. Jirgin gwamna kuwa ya sauka abinsa a filin jirgin Reagan National, inda dama can ya nufa.

17/ Abin da ya fi tsaya min a rai: shi Fletcher ɗin tsohon matuƙin jirgin yaƙi ne. Ya yi aiki a Alaska, inda aikinsu shi ne tare jiragen Tarayyar Sobiyet in sun matso. Mutumin da ya san aikin tare baƙon ɗigo, ga shi yau shi ne ɗigon. Kujerar gwamna ba ta fitowa a rada.

18/ Na ajiye waya na yi shiru. Wancan matuƙin yana da izini, ya kuma faɗi matsalarsa, duk da haka sai da gari ya hargitse don saƙon ya maƙale a hanya. Ni fa? Ba izini, ban sanar da na bayan katanga ba, ban ma sanar da mutum biyun da ke tsaye kusa da ni ba.

19/ Kuma mu daina cewa ai nan ba Amurka ba ce. A Najeriya ma tashin duron yana buƙatar izinin hukumar NCAA da tantancewar ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro. Na san da haka sama-sama. Na ɗauka dokar ta masu manyan kamfanoni ce, ba ta ɗalibi mai salatif ba.

20/ Da na koma wajen Malam na ce ai tsautsayi ne. Ya ce, "Tsagewar soket tsautsayi ce. Tashin da ka yi kana sane, wannan shawararka ce." Ya ce a jirgin gaske akwai na'urorin da in sun lalace doka ta yarda a tashi, akwai waɗanda ba a tashi sam, kuma ba matuƙi ke yankewa da son ransa ba don yana sauri.

21/ Inda muke yanzu: an ɗaga mana ranar kare aiki. Sashenmu ya rubuta takarda, muna jiran a ba mu jirgin. In bai fito ba sai mun sake haɗa wani, kuma na ce kuɗin a wuyana, ko da zan sayar da kwamfutata.

22/ Wanda ya riƙe min riga ya haƙura, har tsokanata yake yana kirana Kyaftin. Ɗayan kuwa, mai buhunan masara, in na yi sallama yana amsawa, daga nan ba ƙari. Ban ga laifinsa ba. Ya zauna a ƙasa awa bakwai a kan abin da ni kaɗai na sani.

23/ Sabon GPS ɗin ya iso shekaranjiya. Yana nan a leda a kan teburina, ba jirgin da zan sa shi. 'Yan uwa masu furojet irin namu, in kun ga matsala ku faɗa wa abokan aikinku, ku nemi izini, ku yi nesa da katangar mutane. Gobe zan je ɗakin abokin nawa in sake ba shi haƙuri. Ku sa mu a addu'a.